Ku Buɗe wa Maigidana Filin Makaranta

Zuwa ga Shugaban kwamitin makarantar firamare ta unguwarmu, a nan Ƙaura Namoda.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce matar mutumin nan mai zagaya filin makarantarku da fartanya a kafaɗa, filin da kuka sa wa ƙofarsa kwaɗo.

Na farko, mu mutanen wani ƙauye ne ta wajen Zurmi. Damina uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu, bayan sun kashe ƙanen maigidana a gona, a gaban idonsa. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba ya shige ɗaki ya zauna. Da ya ji ƙarar mashin sai jikinsa ya hau ɓari, gumi ya jiƙe masa riga. Abinci sai na yi ta lallashi.

Na biyu, ma'aikacin asibiti ya ce firgicin ne ya zauna masa a zuciya. Ya ba shi magani, ya ce lallai ya riƙa motsa jiki kullum. To a ina? Titi duk mashina ne, daji kuwa ba ya shiguwa. Filinku ne kaɗai mai katanga. Da ya fara zagaya shi bayan sallar asuba, wallahi har barci ya dawo masa, har ya tambaye ni nawa ake sayar da gero.

Na uku, maganar fartanya. A wurinmu, magidanci ba ya zagaya fili hannu wofi, sai a ce ya taɓu. Kunya ce ta sa ya ɗauke ta. Wasu dattawa irinsa suka bi shi, kowa da tasa. Hannun manomi kuma ba ya wuce ciyawa, sai suka nome ta gindin katanga. Nan aka kawo maka gulma wai 'yan gudun hijira za su mai da fili gona. Gona, ranka ya daɗe? Ko ƙwayar iri ba mu fito da ita ba. Ba wanda ya kira su ya tambaya.

Yau mako uku ke nan da kuka rufe filin, ya koma ɗaki. Raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji, don na san inda wannan zaman yake kai shi.

Roƙona, ku buɗe musu daga asuba zuwa kafin yara su zo. Ku kira su ku ji daga bakinsu.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka da ganin abin da ya gani. Har yanzu ban faɗa masa dalilinku ba. Ce masa na yi mabuɗin ne ya ɓata, kullum kuma sai ya tambaye ni ko an gan shi.

Wassalam.