Dakalin Yaya Abdurrahim

Unguwar Sarki, Kaduna
Maris, 1991

Zuwa ga ƙanwata Hansai,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ciwon ƙafar?

Na samu saƙonki cewa na kai yayanmu Abdurrahim gidan tsofaffi kamar marar dangi. Ki tuna tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake a Unguwar Shanu, ga hawan jini. Gidan kuwa ni na zana wa ƙungiyar da ta gina shi a Unguwar Rimi. Na ƙare ƙuruciyata ina wa gwamnati zanen gine-gine, gara tana ci a kabad, har aka sallame ni ba ko na gode. Wannan kaɗai aka gina. Kowa da ɗakinsa da bayinsa, ba matakala, tagogi na kallon lambu, ba hayaniyar titi. Haka aka koya mana a Ingila.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Sanda

Unguwar Sarki, Kaduna
Yuni, 1991

Hansai,

Ina gaisuwa, da fatan damina ta same ku lafiya.

Yaya ya rage cin abinci, likita kuma bai ga wani sabon ciwo ba. Na tarar da shi ya juya wa lambun baya, yana kallon katanga. Ya ce gini ya yi kyau, sannan ya ce, “Sanda, to ta ina mutane ke wucewa?”

Kin san shi. Rayuwarsa duk a dakalin ƙofar gida ya yi ta, da kekensa na ɗinki, mai zuwa kasuwa ya gaishe shi, mai dawowa daga masallaci ya tsaya. Na auna faɗin ƙofa saboda keken guragu, amma ban tambaye shi yadda yake wuni ba. Babu zaure a zanena, babu dakali.

Na roƙe shi ya dawo wurina, ya ce ba zai ɓata mini aiki ba. Sai na sa magini ya yi dakali a bakin get. Yaya ya saka farar rigarsa ya zauna tun hantsi. Amma nan Unguwar Rimi ce, motoci ne ke wucewa, gilas a rufe.

Yanzu kullum nakan ajiye motata a kan kwana, in tako da ƙafa, in yi masa sallama kamar mai wucewa. Yana amsawa, har ya tambayi iyali. Jiya ya ci tuwo.

Ki zo, Hansai. Ki sauka daga nesa, ki tako.

Yayanki,
Sanda