Don Hermógenes da Faifan da Ba Shi da Suna

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Picó ta Unguwannin Kudancin Barranquilla ta samu labarin rasuwar ubanta kuma tsohon shugabanta, Mai Girma Don Hermógenes Cassiani Padilla, mamallakin picó ɗin nan, wato katafariyar na'urar sa faifai mai manyan lasifikoki, da ake kira Aradu, wanda ya cika a gidansa yana kishingiɗe, rediyo na yi masa kiɗa a gefen kunne.

Tun yana saurayi marigayin ya haɗa lasifikokinsa da katakon tsohon kabad, ya sa aka zana musu damisa mai haƙoran zinariya, ya shiga yawo da su daga wannan gidan rawa zuwa wancan. A hannunsa unguwanninmu suka tashi da kiɗan cumbia da porro, suka balaga da salsa, sannan suka haukace da faya-fayan Kongo da Najeriya da yake tare ma'aikatan jirgin ruwa yana saye tun kafin su sauke jakunkunansu. Da samari suka ɓullo da sabon kiɗan champeta, dattawa na toshe kunne suna cewa duniya ta lalace, shi ne ya fara sa ta a fili, yana cewa ƙafa ba ta tambayar shekarun waƙa.

Sai dai ƙungiya ba za ta yi wa mamaci ƙarya ba: Don Hermógenes marowaci ne a kan faifai. Kamar yadda kowannenmu ke yi, yakan kankare sunan faifai da cokali ya jefa kwalin a kogi don kada abokan gasa su samu irinsa, amma nasa ya wuce misali. Akwai guda ɗaya daga Afirka, wanda mutane suka laƙaba wa suna Tafasa saboda yadda jitarsa ke zaɓalɓala, da har yau babu wanda ya san mawaƙinsa ko harshen da aka rera waƙar da shi. Babban abokin gasarsa, Don Anacleto Julio, ya bi tashoshin jiragen ruwa har Panama yana neman irinsa, ya dawo da ƙunar rana da faifan addu'a.

Mun shiga damuwa ƙwarai da muka ji cewa marigayin ya sha faɗa wa iyalinsa a sa masa Tafasa a cikin akwatin gawa. Wannan faifai shi kaɗai ne muka sani a ƙasar nan, kuma da shi aka yi bikin auren rabin mambobinmu. Wakilanmu sun je gaban uwargidansa, Mai Daraja Doña Eufemia Barrios, hula a hannu, don roƙon a bar mana faifan. Sai ta zuba musu farfesun sancocho, ta ce: "Ku ci, compadre, aminan gidan nan, ku daina kallona kamar marayu. Mutumin da ya hana unguwa barci tun ina amarya, ku bar shi ya kwanta shiru. Faifai na masu ƙafa ne."

Muna miƙa ta'aziyyarmu gare ta, da 'ya'yansu Nicanor da Yolima, da jikoki, da maƙwabtan da suka yi haƙuri da shi, muna roƙon Allah ya ji ƙansa, ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Bisa umarnin Doña Eufemia, ranar Asabar bayan an dawo daga maƙabarta za a fito da Aradu ƙofar gida, Don Anacleto ne zai ɗora allura a kan Tafasa, kuma kowa ya zo da abin ɗaukar sauti. Duk lokacin da marigayin ya sa Tafasa, sai ya kama makirufo ya yi ta kirarin kansa a tsakiyar waƙa don kada wani ya ɗauke ta a kaset, mu kuma muna rawa muna zaginsa. A wannan karon za mu ji ta tsaf daga farko har ƙarshe, babu mai katse ta. Muna shawartar mambobi su taho da hankici.

Sa hannu:
Wilfrido Salgado Herazo
Kakakin Ƙungiyar Masu Picó ta Unguwannin Kudancin Barranquilla