Motar da Ta Tsaya a Bakin Lungunmu

Zuwa ga Farfesa, shugabar sashen nazarin lafiyar ƙwaƙwalwar yara a jami'a.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da ɗalibanki, ina taya ki murnar ƙarin girman da aka yi miki. Ni tela ne a unguwar Briqueterie, nan Yawunde. Ba zan faɗi sunana ba, kuma ban damu ba, don a unguwarmu idan ka jefa tsakuwa, kan tela za ta faɗa. Ke dai za ki gane ni. Na je ofishinki, sakatare ya ce in dawo, na dawo ya ce kina taro, shi ya sa na rubuto a fili. Kuma ba gidana kaɗai abin ya shafa ba.

Na farko, alherinki. Ɗana yana ƙarami gobara ta tashi a layinmu, mahaifiyarsa ta rasu a ciki yana kallo. Daga nan ya daina magana. Ko ƙanshin gawayin masu tsire ya ji sai ya shige ƙarƙashin teburin ɗinki yana rawar jiki. Aka ce iska ce. Mun yi rubutu, mun yi addu'a, har turare muka yi masa, Allah Ya yafe mana, hayaƙin nan ne ma yake ƙara firgita shi. A lokacin kika shigo unguwa, kina ƙaramar malama, kina neman sanin abin da tashin hankalin yarinta yake bari a zuciyar mutum har ya girma. Ke kika fara gaya mini cewa yaron ba shi da aljani, tsoro ne ya zauna masa. Ba ki taɓa raina addu'armu ba, cewa kika yi a haɗa da magani. Yau ga shi ya zama saurayi, yana da kekensa, yana yi wa 'yan kasuwar Mokolo ɗinki, bakinsa kuma sai an ce ya isa.

Na biyu, dabararki, wadda nake jin ba ki koya wa na bayanki ba. Kin san halinmu. Ba ki buɗe ofis ba, ba ki kafa allo ba. Ɗakin ciki na wata Hajiya mai sayar da atamfa kika aro, duk mai shiga da yaro sai a ɗauka zaɓen zani ya je. Shekara da shekaru kina bin yaran nan har suka girma, kika rubuta abin da kika gano, ana kiran ki ƙasashe kina bayani, amma a unguwa ko mai shayin bakin titi, da ba abin da ke wuce shi, bai taɓa sanin gidan wa kike bi ba. Wallahi ina alfahari da ke kamar 'yar gidanmu.

Na uku, kukana. Da aka ba ki shugabanci kika miƙa aikin ga ɗalibanki. Yara ne masu ladabi, ba ni da ta cewa a kan tarbiyyarsu. Amma bayan ƙaramar sallah sai ga su da farar mota, an rubuta "santé mentale", wato lafiyar ƙwaƙwalwa, ɓaro-ɓaro a jikinta. Lungunmu ba ya ɗaukar mota, sai suka ajiye ta a bakinsa, suna tambayar mutane gidana da sunan ɗana, ana fitowa daga sallar la'asar. Farfesa, yaran unguwa duk sun yi lekol, makarantar boko, suna karanta Faransanci. Kafin magariba magana ta gama layi.

Abin da ɗalibanki ba su sani ba, ɗana yana neman aure a unguwar Nkomkana. A wajenmu kafin a ba mutum mace sai baffanninta sun zo unguwa a ɓoye, su tambayi liman, su tambayi maƙwabta: yana salla, yana sana'a, akwai taɓin hankali a danginsu? Kalma guda daga bakin mai kanti ta isa ta rusa komai. Yanzu haka suna cikin wannan tambayar. Yaron ya rantse ba zai sake ganin kowa daga wajenku ba, ya ajiye maganinsa, barci ya fara ƙaurace masa. Ina kallonsa zuciyata tana ƙuna. Ya ce gara ya bar magani da ya rasa yarinyar. Ni kuwa na san idan ya bari, lafiyar da yarinyar duka zai rasa.

Don haka ina roƙon ki, ki sa a daina shigo da motar nan unguwa. Su hau taksi, su ƙarasa da ƙafa kamar kowa, kuma su daina tambayar gida da sunan mai jinya. Ki zaunar da su ki koya musu wannan kamar yadda kike koya musu na littafi.

Roƙona na ƙarshe shi ne babba. Ba na son in ɓoye wa surukaina komai, aure ba ya zama a kan rufa-rufa. Ina so su ji daga bakina, a zaurensu, ba daga bakin 'yan gulma ba. Amma idan ni na faɗa, za su ce uba ne yake kare ɗansa. Ki ba ni yini guda ki raka ni. Ki gaya wa mahaifin yarinyar abin da kika gani tun yaron yana ƙarami, cewa ba gado ba ne, gobara ce, kuma mai irin wannan yana riƙe gida idan bai yar da magani ba. Ɗana ya ce idan ke ce da kanki, zai zauna a wurin, kuma zai koma shan maganinsa.

Allah Ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, Ya sa ilminki ya zama sadaka mai gudana, Ya shirya miki zuriya. Ina jiran amsarki kafin baffannin yarinyar su yanke shawara.

Wassalam.

Wani uba daga Briqueterie, Yawunde.