Ruwan da Ban Zuba a Gidanmu Ba

Tumut, Litinin

Zuwa ga mahaifina Clarrie,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙugun naka? Ina fatan ka fara takawa, kuma ka daina yi wa ma'aikatan asibitin Wagga tsawa. Na koma rubuto maka wasiƙa ne saboda ƙarar injin ta cinye maka kunnuwa, ni kuma na gaji da ihu a waya.

Ka tambayi jiragen samanka na kashe gobara. Duk lafiyarsu ƙalau. Maud da Beryl suna kwasar ruwa a madatsa, su zuba wa wutar daji, su dawo. Sauran ukun a filin jirgi muke cika su da jan ruwan nan mai maganin hana wuta ci. Ni kuwa wadda nake tuƙawa ita ce Noelene, har yanzu tana jan hagu in ta ɗauki kaya. Ƙanena Lyle yana ofis yana ta mita, kamar ya fi kowa aiki.

Jiya na biya ta gida. Na shayar da furannin marigayiya Mama, na leƙa rumfa na duba Doreen, jirginka na farko. Ƙura ta rufe ta, amma sunan Mama da ka rubuta a hancinta yana nan raɗau. Sai na tuna labarinka na kullum, yadda kake watsa taki da ita a gonakin mutane, har shekarar da wuta ta sauko daga tudu ka wanke tankin ka cika shi da ruwa. Daga wannan tsohuwar kamfaninmu na Gilmartin ya taso, ga shi yau tana zaune ita kaɗai.

Baba, hankalina bai kwanta ba. Wutar tana bayan dutse, in iska ta juya gidanmu ne a gabanta. Na so a janye Doreen, amma sai an cire mata fukafukai, kuma babu mai hannun yin wannan yanzu.

Ka ci abincinsu ko ba daɗi.

'Yarka,
Bronwyn

Tumut, Asabar

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka, da fatan jiki yana sauƙi. Na san Lyle ya gaya maka, amma ina so ka ji daga wurina.

Iska ta juya ranar Alhamis da rana. Kerrin, wadda ke zagayawa a sama tana nuna mana inda za mu zuba, ta tura mu duka hanyar Batlow. Motocin mutane masu gudu sun cunkushe a can, da yara a ciki, wuta kuma tana cin gefen titi. Ka san daga filinmu zuwa wannan hanya ta kan rufin gidanmu ake bi.

Da na fara wucewa wutar tana shingen gidan na kudu. Da na sake zuwa ta kama rumbun ciyawa. Noelene cike take taf, yatsana yana kan maɓallin sakin ruwa, rumfar Doreen tana ƙarƙashina. Zubi ɗaya zai iya tsare ta. Kerrin ta san gidan wane ne, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Hanya, Bron. Ki tafi hanya."

Na tafi hanya. Dokarka ce: matuƙi ba ya zaɓen inda zai zuba ruwa. Ita ka fara koya mini tun kafin in taɓa sitiyari. Haka na yi ta zuwa ina dawowa, ina kallon rufin yana faɗawa. Kuka nake yi har ba na ganin gabana sosai. Mutanen hanya duk sun fita da rai.

Gidan babu shi, Baba. Doreen ma ƙarfe kawai ya rage. Zan zo gobe.

'Yarka,
Bronwyn

Tumut, Laraba

Zuwa ga Baba,

Ina maka fatan lafiya, ko da ba ka son jin gaisuwata. Na zo ranar Lahadi ka juya fuska bango. Abin da ka iya ce mini shi ne ko zubi ɗaya ma ban iya yi wa uwata ba. Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Da na zuba, ai kai ne za ka kore ni da hannunka.

Ka tuna Merv? Yaya za ka manta, amininka da kuka haɗa jirgi na biyu tare. Ya karkata ya zuba ruwa a kan gonar ɗan'uwansa, ya bar 'yan kwana-kwana suna jira a ƙasa, ka kore shi a ranar. Tun ina yarinya ba ku sake gaisawa ba.

Jiya ina tonon toka sai ga tsohuwar motarsa. Ya tsufa ƙwarai, da sanda yake tafiya. Bai yi mini jaje ba. Ya zagaya ƙarafan Doreen, ya ɗaga abin da ya rage na hancinta, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ko gaskiya ne na bi ta kan gidan da ruwa cike, na ce gaskiya ne. Sai ya cire hularsa.

"Ki gaya wa wancan tsohon mai taurin kai yau na daina fushi da shi," in ji shi. "Duk shekarun nan na ɗauka don gidajen wasu kawai ya kafa dokar."

Baba, ban gaya masa abin da ka ce mini a asibiti ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ranar Lahadi zan dawo, Merv ne zai kawo ni a motarsa. Yana tafe da hancin Doreen a nannaɗe cikin bargo, ana iya karanta rabin sunan Mama. Wannan karon ka juyo ka dube mu.

'Yarka da ke ƙaunarka,
Bronwyn