Ke Kika Biya Naki

Mahrukh, hasken idona, farin watan da ya fi son sararin Lahore,

Mahaifiyata, Ammi, ta yarda. Ranar Lahadi za ta zo gidanku tare da kawuna, ta gan ki da idonta kafin a yi maganar aure. Na san za ki so jin yadda aka yi.

Kin tuna ranar da muka ci karahi, dafaffiyar kazar nan mai yaji, a gidan abincin tsoho Chacha Niyaz? Na miƙe na ce zan wanke hannu, na zagaya in biya a ɓoye, kamar yadda kowane namiji a garin nan yake yi tun zamanin kakanni. Tsohon ya dube ni yana dariya: “Ɗana, ka makara. Baiwar Allah ta ba da nata tun kana fama da ƙashi. Kawo naka kawai, babban attajiri!” Na dawo kunya kamar ta kashe ni, ke kuwa kina shan shayinki. Kika ce, “Ranar da zan ce maka na yarda, ba na so ka zaci kaza ce ta saye ni.”

Wayyo, Mahrukh! Ruwan farko na damina bai taɓa sanyaya ni kamar maganar nan ba. Wane fure ne yake ƙamshi kuma yake tsaye da ƙafarsa haka? Shekaru ina rubutu a jarida, ban ga jimlar da ta kai taki daidai ba.

Chacha Niyaz bai iya riƙe magana ba, labari ya isa gidanmu. Ammi ta ce, “Yarinyar da ta hana ɗana biyan abinci a gaban mutane, gobe me za ta bar masa? Ko ta ɗauka mu matsiyata ne?” Ta rantse ba za ta taka gidanku ba. Ban ba ta haƙuri a madadinki ba, don ba ki yi laifi ba. Na ce mata albashinki na koyarwa guminki ne, kuma macen da ba a sayenta da abinci, idan ta zaɓi mutum, shi ɗin take so. Ta yi kwanaki ba ta kula ni. Jiya da safe ta aje mini shayi, ta ce, “Mu je in ga wannan mai taurin kan.”

Roƙona ɗaya ne: kada ki rage komai daga halinki don ki burge ta. Ina alfahari da ke a gaban Ammi, a gaban Lahore gaba ɗaya. Kuɗin abinci mu raba har tsufa, zuciyata kuwa taki ce duka, ba rabi ba.

Naki har numfashin ƙarshe,
Zaryab

Ɗazu na ga Ammi ta ciro awarwaron zinariya na kakata, wanda ake sa wa surukar da aka amince da ita, tana gogewa. Ba ta ce za ta zo da shi ba.