Saƙon Abba daga duwatsu

Laraba, 20 ga Janairu, 2021. Unguwar Wangsa Maju, bayan isha'i.

Alhamdu lillahi, jikana Abba ya sauko lafiya. Kwana shida da shigarsa duwatsun Koriya a ƙafa da abokan karatunsa, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, wayarsa shiru. Ni kuwa dokar kulle ta hana ni ko masallaci, sai addu'a a ɗaki.

Da la'asar saƙo ya shigo. Babansa ya ce, "Baba, kawo in karanta maka." Na ƙi. Ba don irin wannan rana na shiga makarantar dare da furfurata ba?

"Tsoho, ina raye, yatsuna ashirin cif. Bar kuka."

Ban bari ba. Sau huɗu na karanta, sannan na yi sujada.