Ɗakin Baya da Ƙawar Auta

Da sunan Allah na fara, kuma gare Shi zan koma. Ni ce mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, hankalina a jikina. Tun safe na ƙi shan ƙwayar nan mai sa ni gyangyaɗi, don kada gobe wani ya ce magani ne ya yi magana. Tsohuwar Nas da maƙwabcinmu mai kanti sun ga sa hannuna. Jiki ya gaji, likita ma ya daina kewaye-kewaye da ni, amma idona biyu, kuma kun sani abu bai taɓa wucewa ta gabana a gidan nan ban gani ba.

Ku uku kaɗai za ku fara karantawa: Babba, Malama, Auta. Ku rufe ƙofa. Ban da matar kowa, ban da mijin kowa. Dalilin yana ƙasa, kuma kada wanda ya tsallake layi don ya isa can da wuri.

Na ɗaya. Abin da na mallaka a raba shi yadda addini ya tsara, ban isa in ƙara wa wani in rage wa wani ba. Babu mai bina bashi. Kujerar guragun da ake tura ni a kai ta aro ce daga Tsohuwar Nas, a wanke ta a mayar mata, akwai mai jiranta.

Na biyu, ɗakin baya, mai ƙofa ta lungu. Na tambayi masu sani, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da zan bari ba, saboda haka ina da ikon yin wasiyya da shi. Na bar shi ga matan da ke taruwa a ciki kowace Asabar, muddin akwai mace biyu da za su zo.

Kun taso kun gan su suna shiga suna fita, ba ku taɓa tambayar yadda aka fara ba. Auta tana aji biyu na firamare aka cire mini nonon hagu. Na dawo gida ba gashi a kaina, ba mace ɗaya da na sani wadda ta bi wannan hanya ta fito. Masu zuwa dubiya suna kallona kamar gawar da aka manta ba a ɗauka ba. A layin asibiti na haɗu da wata mai ɗinki da muke kira Tela, wadda aka yi wa aiki kafin ni. Ta ja ni bayan labule, ta ɓalle rigarta, ta kama hannuna ta ɗora a kan tabonta, ta ce in taɓa da kyau, ba ya cizo, kuma da wannan ƙirjin take taka keken ɗinki tana ciyar da yara. Duk bayanin likitoci bai yi mini abin da wannan ya yi ba. Na ce ta zo gida. Ta zo, wata Asabar ta zo da wata, haka ɗakin ya cika. Mun zaɓi na baya ne saboda mace za ta iya shigowa ta lungu ba wanda ya gan ta, ta fita ba wanda ya tambaye ta.

Babba, da kai nake. Na gan ka ta taga kai da kafinta kuna auna bangon da ya kalli lungu. Da na tambaya ka ce yoyo ake dubawa. Ni na gina gidan nan da albashina na mai buga takardu a ofis, na san inda yake yoyo, ta sama ne, ba ta bango ba. Kuma na ji matarka tana gaya wa wata a waya cewa shagon wayoyi zai yi kyau a wurin. Ban ce kai mugu ba ne, hayar shagonka ta yi maka nauyi, na sani. Amma ranar da ka fasa bangon nan ka sa ƙofar ƙarfe, ka sani da ni ka yi, kuma ban yafe ba. Haka kuma kada ka ce a mayar da matan falo don a yi musu gata. Ta falo sai an bi ta gabanka da abokanka, kuma babu macen da za ta ratsa maza da abin da ke cikin rigarta.

Na uku. Keken ɗinkin da ke ɗakin, da buhun auduga, da tabarmi, da madubin tsaye, ba nawa ba ne, na matan ne. Kada a sa su cikin kayan gado. Malama, na ga yadda kike shafa keken nan idan kin wuce, ki cire rai.

Da shi muke ɗinka abin da ake sa wa a rigar mama a gefen da aka cire. Muna kiransa ɗan rakiya. Dokarmu ita ce mace ba ta ɗinka nata, wata ce za ta auna ta da tafin hannu ta ɗinka mata, don dole ta bari a gan ta. Da farko hatsi muke zubawa a ciki saboda nauyi, har ranar da wata ta wanke nata ta shanya a inuwa, bayan kwanaki ta zo tana cewa ita dai Allah Ya mayar mata da nono har da tsiro. Mun yi dariya har ɗinkin ƙirjin wata ya kusa buɗewa. Tun daga nan muka koma auduga da ƙananan duwatsun ado. Nawa guda biyu suna ƙasan akwati. Kada ku ɓoye su kamar abin kunya. A ba Tela ta warware, audugar za ta yi wa wata amfani.

Na huɗu, matar nan da muke kira Mai Kwalabe. Ta fara zuwa mana da kuka, wai ita ma an yi mata aiki. Asabar bayan Asabar muna jiran ta buɗe riga kamar kowa, kullum da uzuri: yau mura, gobe sauri. Sai muka lura tana bin sababbin zuwa har bakin lungu tana raɗa musu cewa wuƙa ce ke tayar da ciwon, ita tana da abin sha da na shafawa. Wata yarinya mai goyo ta bi ta. Lokacin da ta dawo mana, wurin ya riga ya fashe, Tsohuwar Nas ta duba ta fita waje ta tsaya jikin bango. Mun kori Mai Kwalabe. Ban yarda ta yi nisa ba. Na ga kwalbarta mai jan murfi a kan tagar ɗakin girki, an ce mini maganin basir ne. To, na ji.

Za ta zo gaisuwa, ina da tabbas, da sabon mayafi da idon kuka. Ku amsa gaisuwarta, kada ku ba ta wurin zama cikin mata. Na san abin da za ta faɗa: ga wadda ta fi kowa yabon asibiti, an yanke ta, ga shi ciwon ya dawo ya ɗauke ta. Da gawata za ta yi talla. Duk wanda ya ji, ya amsa mata da wannan: bayan aikin na yi wa Malama rakiya makarantar horon malamai, na aurar da Babba, na ga Auta ta gama sakandare, na ɗauki jikoki a kafaɗar nan ta hagu. Waɗanda suka sha kwalbarta, ta nuna muku ɗaya da ta ga yayen ɗanta.

Haka nan akwai wasu masu zuwa da mota da kyamara, su ce ƙungiya ce ta taimako. Ba duka ne mayaudara ba, wasu sun kawo mana abin kirki. Amma duk wanda ya nemi hoton fuska kafin ya tambayi sunan mai fuskar, a nuna masa hanyar da ya shigo.

Na biyar. Malama, ke da matar yayanki ba ku gaisawa tun ranar da kika ce ita ta shigo da kwalbar nan gidan. Ni ma da farko ita na zarga, na sa mata ido sosai. Yanzu ba na jin ita ce. Kin faɗa mata maganar da ba ta dace da mai koyar da 'ya'yan mutane ba, a gaban yaranta. Ita ce ke juya ni a gado, ita ke wanke abin da ku ba ku iya kallo ba. Ki je ɗakinta da ƙafarki ki ba ta haƙuri, ba ta waya ba, ba ta bakin yaro ba. Karatu bai ɗauke miki wannan ba.

Na shida. Auta.

A watan jiya kina tsefe mini ɗan gashin da ya rage, kika ce wata ƙawarki ta ji ƙullutu a gefen hammata, ba ya zafi, ko hakan wani abu ne. Na ce wace ƙawa, kika ce ban san ta ba. Ni da na san duk wadda kika taɓa raba alawa da ita.

'Yata, shekarun da na yi a ɗakin baya, da wuya a yi mace ɗaya da ta shigo ta ce ni ce. Kowa da ƙawa take zuwa, ko ƙanwar miji, ko wata maƙwabciya mai kunya. Har muna tsokanar juna cewa garin nan ƙawaye ne kaɗai ke ciwo. Dokar ɗakin ita ce ba a ƙaryata mace. Sai a ce Allah Ya ba ƙawar lafiya, a ba ta wuri, a rufe ƙofa, ɗaya daga cikinmu ta ɓalle riga ta ce ga abin da za ki je ki gaya wa ƙawar taki. Yawanci kafin a tashi ƙawar ta bayyana. Ni na kafa dokar, kuma ban taɓa karya ta ba. Na jira ki zo Asabar, kika aiko cewa yaronki ba lafiya. Na sake jira, kika ce baƙi. Lokacin jira ya ƙare mini, don haka yau zan karya ta a gaban 'yan'uwanki.

Ban yarda akwai wata ƙawa ba. Na ga kin daina ba yaron nono ta dama. Na ga kin koma ɗaukar bokiti da hagu, ke da ba bahaguwa ba. Na ga idan kin rungume ni kina karkata. Kuma kwalba mai jan murfi ta bayyana a tagar ɗakin girki ne a makon da kika zo kika kwana biyu, kin bar matar yayanki ta sha zargi kina ji. Wannan ma ki nemi gafararta.

Na san abin da ya rufe miki baki. Kina kallona a kwance kina cewa amfanin me. Kina tsoron mijinki ya ga tabo ya sauya. Mahaifinku, Allah Ya ji ƙansa, ya yi mako bai iya kallon ƙirjina ba, daga baya shi ke wanke mini wurin yana ƙorafin na cika motsi. Idan naki ya gaza, ya gaza, gara ki san haka kina raye. Tun kina ƙarama kike kau da kai idan ina canza riga, na ƙyale ki don ina ganin yarinta ce. Yanzu ke uwa ce. Wataƙila ma ba komai ba ne, da yawa mun raka an duba an ce ruwa ne ko nono ne ya daskare, sun dawo suna rawa. Amma wannan ba ke za ki yanke ba, ba Mai Kwalabe ba, ba ni ba.

Saboda haka makullin ɗakin baya a hannunki na bar shi. Ba mallaka ba ce, amana ce. Guda ɗaya ne, na karɓe na Tela da gangan, kuma na hana a yanka wani. Kowace Asabar ke za ki zo ki buɗe, ki share, ki shimfiɗa tabarmi. Idan ba ki zo ba, mata masu ɗinki a ƙirji za su tsaya a lungu cikin rana, kuma a wuyanki. Ban gaya wa Tela da Tsohuwar Nas komai ba, ba sai na gaya musu ba, kallo ɗaya za su yi wa kafaɗarki.

Kada ki ce sai an gama zaman makoki. Asabar ɗin farko bayan an kai ni, a buɗe ɗakin. Ranar aiki ta farko bayanta, Malama ta nemi izini a makaranta ta shiga da ke wurin likita, ta riƙe miki jaka. Babba ya kai ku, ya zauna a mota da yaron, ya riƙe bakinsa, ko matarsa kada ta ji sai Auta ta faɗa da kanta. Idan kuwa na yi kuskure, ƙawar tana nan da gaske, to ki zo da ita, a duba ku ku biyu. Na fi son ku yi dariyar tsohuwa mai yawan zargi.

Na yafe muku abin da na gani da wanda kuke tsammanin ban gani ba, ban da abin da na gindaya a kan bangon nan. Ku ma ku yafe mini kaifin baki. Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya 'ya'yanku, Ya sa ku fi ni sauƙin hali. Babba, kai ne uba yanzu, kada 'yan'uwanka mata su nemi izini kafin su shigo gidan nan. Malama, ki riƙa sauke murya. Ku riƙa cin abinci a tabarma ɗaya ko da sau ɗaya ne a wata, kada ku bari sai rasuwa ta tara ku.

Auta, makullin yana cikin rigar matashin da nake kai, ta gefen hagu. Ƙofar tana cijewa, sai kin ɗan ɗaga ta sama kafin ki tura. Ki ɗaga da hannun da ba ya miki ciwo.

Mahaifiyarku.